Ƙwallon Mumuni, Yaran Akawu

A gasar rukuni na biyu ta yankin Ankara, babban birnin Gana, akwai wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ake kira Yaran Akawu. Yanzu a unguwar Maamobi take atisaye, rabin 'yan wasanta kuwa makanikai ne daga unguwar Abossey Okai. Ba ta taɓa hawa rukunin sama ba, ba ta kuma taɓa rushewa ba. In ka tambayi magoya bayanta wa ya kafa ta, za su ce maka Abdulganiyu Akawu ne. Ba ƙarya suka yi ba ɗungum, sai dai akwai wani mutum kafin shi.

Sunansa Mumuni, baduku ne. Ubansa yana cikin sojojin Hausa da Bature ya kai yaƙin Kumasi a 1874. Da aka sallame shi sai ya kafa gida a tsohon zango kusa da kasuwar Salaga, ya auri wata 'yar ƙabilar Ga mai sayar da kifi, ta musulunta, ta haifa masa Ƙaltume, sannan Mumuni. Don haka Mumuni ya tashi da Hausa a bakin ƙofa, da yaren Ga a madafa. Ƙato ne, mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana. Kube da takalma da gidan laya yake ɗinkawa a wata rumfa da ke kallon layin mahauta.

Wata rana a 1905, kukun wani Bature ɗan kasuwa ya kawo masa wani abu na fata, ya yage ta gefe, ya ce maigidansa ya ce a ɗinke. Mumuni ya jujjuya shi. Ya taɓa hango Turawan jirgi suna harbin irinsa a bakin teku, amma bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Maimakon ya ɗinke wurin da ya yage, sai ya farke ɗinkin gaba ɗaya, ya shimfiɗa ɓangarorin a kan kirgi, ya zana siffar kowanne da gawayi, sannan ya mayar da na Bature yadda yake. Kwana tara ya yi yana fama da nasa. Na farko ya fito kamar gwanda. Na biyu ya fashe tun kafin a taɓa shi. A na uku ya karɓo mafitsarar sa daga wurin mahauta, ya wanke ta da toka, ya cusa ta ciki, ya hura da karan ganyen gwanda har jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya ɗaure bakin da jijiya. Ya jefa shi ƙasa, ƙwallon ya yi tsalle ya dawo hannunsa.

Bayan la'asar ya ɗauke shi ya tafi filin da ke bayan unguwar Tudu, inda fatake ke sauke jakunan goro. Mahauta biyu suka biyo shi don su ga abin da zai yi. Kashegari suka zama goma. Kafin wata ya ƙare, 'yan dako da masu jiran shanu da wani ɗan sanda mai suna Jibirilu duk suna zuwa. Babu doka, babu lissafin mutane. A raba gida biyu, ko ashirin-ashirin ne, a sa duwatsu, a yi ta turereniya har ladan ya kira magariba. Mumuni ne ke cewa a fara, shi ke cewa a tsaya, shi ke raba faɗa, in an tashi kuma ya saka ƙwallonsa a hammata ya tafi gida. A zango kowa cewa yake, “'Yan ƙwallon Mumuni sun fito.” Bai taɓa nuna abin yana masa daɗi ba, amma yana masa.

Shekara biyu aka yi haka.

Abdulganiyu ya zo daga Oguwa, wani gari a bakin teku yamma da Ankara, a farkon 1907. Wani kantin koko da manja da ke bakin teku ya ɗauke shi akawu. Siriri ne, iyayensa mutanen Ilori, ya yi makarantar allo ya kuma yi ta boko. Kwana uku a jere yana zuwa bakin filin, ya tsaya da farar rigarsa yana kallo. A rana ta uku Mumuni da kansa ya je wurinsa.

“Malam, kallo kawai ka iya, ko kana bugawa?”

“Ina ɗan taɓawa, Yaya. A Oguwa muna yi.”

“To tuɓe takalminka ka shigo.”

Ya tuɓe, ya naɗe wando, ya shigo. Ƙwallon farko da ya zo masa, bai harba ba kamar yadda kowa ke yi. Ya tare shi da cikin ƙafa, ya jira. Wani mahauci ya taho a guje zai banke shi, sai ya ɗan goce, mahaucin ya wuce ya kife a ƙasa. Ya yanke na biyu, ya yanke na uku, ya tura wa Jibirilu a hankali, Jibirilu ya ci. Filin ya fashe da ihu. Mumuni ma ya yi dariya, ya dafa masa kafaɗa. Sai da yake komawa gida ya lura ba wanda ya biyo shi. Duk suna can sun kewaye baƙon suna tambayarsa yadda ya yi.

Cikin wata biyu wasan ya sake. Abdulganiyu ya ce sha ɗaya-sha ɗaya ake yi. Ya sa aka kafa sanduna aka ɗaura igiya a sama. Ya nuna musu wa ke tsaron gida, wa ke baya, wa ke gaba, ya hana kama ƙwallo da hannu, ya hana shaƙe wuya. Duk abin da zai sake sai ya fara juyowa ya ce, “Yaya Mumuni, in ka yarda.” Mumuni kuwa sai ya ce ya yarda, don ya ga idanun mutane sun riga sun yarda. Ranar da aka raba wurare, Abdulganiyu ya ce, “Yaya, kai ne bangonmu. Baya za ka tsaya. Ba mai wuce ka.” Gaskiya ne, ba mai wuce shi. Amma daga baya mutum yana ganin komai. Yana ganin Abdulganiyu yana ci, yana ganin mutane suna rugawa suna ɗaga shi, shi kuwa yana tsaye shi da mai tsaron gida.

Wasansu na farko da baƙi, da ɗaliban wata makarantar mishan suka yi. Abdulganiyu ya rubuta takardar gayyata, ya kuma roƙi Ƙaltume ta rina musu riguna goma sha ɗaya da shuni. Suka ci biyu ba ko ɗaya, duka biyun daga ƙafar Abdulganiyu. Ɗaliban sun kawo hari ya fi sau goma, Mumuni ya tare su har ƙaurinsa ya kumbura. Da aka tashi, malamin ɗaliban ya tambayi wata mai sayar da gyaɗa sunan ƙungiyar. Ta ce, “Oho, yaran akawun nan ne.” Malamin ya rubuta a littafinsa.

Da safe Mumuni ya je rumfar Ƙaltume shan koko. Tana zuba masa tana cewa, “Ka ji abin da ake faɗa a kasuwa? Wai Yaran Akawu sun kunyata 'yan makaranta.”

“Yaran wa?”

“Yaran Akawu mana.”

“Yaya, ni na girme shi da shekara biyar. Ni ne yaronsa?”

“Kai, suna ne kawai. Yaron nan yana da ladabi, Mumuni. Jiya har durƙusawa ya yi ya gode mini don riguna. Kai ka taɓa gode mini?”

Ya ajiye ƙoƙon bai shanye ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai samu laifin da zai kama ba. Da Abdulganiyu mai girman kai ne, da ya ji sauƙi. Ya yi ta sa ido ya ga ko zai raina wani, ko zai makara salla, ko zai yi wa mahauta dariyar rashin karatu. Bai gani ba. Idan yana ɗinki a rumfa ya ji masu wucewa sun ambaci akawu, sai basilla ta kuɓuce ta soki yatsansa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Abdulganiyu ya shigo rumfar, ya duba hagu da dama, ya zauna a kan buzu ya ɗaga ƙafar wandonsa ta hagu. Gwiwar ta kumbura.

“Tun a Oguwa ta taɓa gocewa,” in ji shi. “Kwanan nan ta fara damuna. So nake ka ɗinka mini wani abu na fata mai taushi da zai riƙe ta, in sa a ƙarƙashin wando. Amma don Allah, Yaya, daga ni sai kai. In mutanenmu suka ji za su karaya, in abokan karawa suka ji kuwa, ka san sauran.”

Mumuni ya auna gwiwar da zare. Ya zaɓi fatar akuya mafi laushi da yake da ita, ya yi mata shafi biyu, ya sa maɗaurai uku. Aikin ya yi kyau ƙwarai, don shi bai iya mummunan aiki ba. Abdulganiyu ya gwada, ya yi tsalle, ya ce, “Wallahi hannunka ba irin na kowa ba ne.” Mumuni ya ji daɗin maganar, ya kuma ji haushin kansa da ya ji daɗin.

Bayan mako uku wani mutum ya zo rumfar. Kwate sunansa, shugaban matuƙa kwalekwalen da ke ɗebo kaya daga manyan jirage a Jemistawun, unguwar bakin teku. Su ma sun haɗa ƙungiya, an kuma sa ranar da za su kara da mutanen zango. Ya gaishe shi da yaren Ga, ya ce ƙwallo yake so.

“An ce kai ne mai ɗinka wa akawu ƙwallonsa.”

Mumuni ya ɗago kai. “Ƙwallon wa?”

“Na akawu. Ba shi ne mai ƙungiyar ba? An ce shi ya kawo wasan zango, ya tara ku ya koya muku. Kai ma kana bugawa, ko ɗinki kawai kake yi musu?”

Mumuni ya ci gaba da jan zare. Ya yi ɗinki huɗu ko biyar. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi Kwate ba, “Akawun da kuke tsoro, ƙafa ɗaya gare shi. Ta hagun ni nake riƙe masa ita da fatar akuya.”

Kwate ya miƙe. Ya ɗan yi murmushi, ya tambayi ranar da zai dawo karɓar ƙwallo, ya tafi. Mumuni ya gaya wa kansa cewa magana ce kawai ta fita. Kwana goma suka rage kafin wasan, kullum yana ganin Abdulganiyu a fili, kullum yana iya ce masa ya yi hankali. Bai ce ba.

Ranar wasan, wata Asabar, filin ya cika har kan jakunan goro. Matuƙan suka zo da ganguna. Ba a daɗe da farawa ba Abdulganiyu ya ci ɗaya. Daga nan Mumuni ya ga yadda mutum biyu suka manne wa Abdulganiyu ta hagu. Karo na farko ya tsallake. Na biyu ya faɗi ya tashi yana ɗingishi. A na uku ya tsaya a kan ƙafar hagu zai buga da dama, sai wani gajere mai kauri ya shigo da dukkan nauyinsa ta gefe. Har daga baya Mumuni ya ji ƙarar. Abdulganiyu bai yi ihu ba, ya dai kama ƙasa da hannu biyu, ƙafar ta karkace ta inda ƙafa ba ta karkacewa.

Faɗa ya kaure tsakanin mahauta da matuƙa, Jibirilu yana ta busa usur ɗinsa na aiki ba mai ji. Mumuni ya ratsa tsakiyarsu, ya saɓi Abdulganiyu a baya, ya ruga da shi har gidan wani maɗori Bamoshe a ƙarshen zango. Mumuni ne ya danne masa ƙirji lokacin da ake jan ƙafar. Da ya fito, mata suna ta sa masa albarka. “Ka ga amini,” in ji wata tsohuwa. Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Maɗori ya ce zai taka, amma ya gama gudu har abada.

Mutanen suka taru suka ce Mumuni ya riƙe ƙungiyar. Ya mayar da kansa gaba, ya sa wani a baya. Abin da yake so ke nan tun da daɗewa, ya kuwa samu. Suka kara da ɗaliban mishan, aka ci su huɗu. Suka kara da ma'aikatan gidan waya, aka ci su uku. A wasa na uku Mumuni ya ci ƙwallo da ka, mai kyau, ya juya yana jiran ihu. An yi ihun, amma a cikinsa ya ji wani yana cewa, “Da Akawu ne da tun ɗazu ya ci uku.” Aka tashi an ci su biyu da ɗaya.

Bayan wata huɗu Abdulganiyu ya fito da sanda. Aka kawo masa akwatin sabulu ya zauna a bakin fili. Bai karɓi komai daga hannun kowa ba, magana kawai yake yi. “Jibirilu, matsa dama. Garuba, kada ka jira shi, tare shi.” Ko da Mumuni ya ba da umarni, sai ya ga 'yan wasan sun waiga wajen akwatin kafin su bi. A hankali Mumuni ya tsinci kansa a baya kuma, ba tare da wani ya ce masa ya koma ba. Suka ci ma'aikatan gidan waya. Suka ci matuƙan Kwate uku da nema, aka ɗauki Abdulganiyu da akwatinsa aka zaga zango da shi. Har ɗingishinsa ya zama abin sha'awa. Samari masu lafiyar ƙafa suka fara ɗan jan ƙafar hagu in suna tafiya, wai tafiyar Akawu. Mumuni ya ga wannan daga rumfarsa, ya ji kamar ya haɗiye basilla.

Wata rana da hantsi Abdulganiyu ya biyo ta rumfar, maɗaurin sandarsa ya tsinke. Ya zauna, ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa. Mumuni yana gyarawa, ya yi ta ƙoƙarin zura zare ya kasa.

“Kawo in zura maka,” in ji Abdulganiyu. Ya zura, ya miƙa masa. “Mutum biyu ne suka san zancen gwiwar nan, Yaya. Ni ban gaya wa kowa ba.”

Mumuni ya ci gaba da ɗinka maɗaurin. Can ya ce, “Tun yaushe ka sani?”

“Tun ina bayanka kana gudu da ni.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“In na faɗa, mahauta za su bi ka, 'yan dako su bi ni, shi ke nan ƙungiya ta mutu. Kuma ba ni da wanda zai tsaya a baya kamarka.” Ya dube shi ido cikin ido. “Kada ka ɗauka na yafe. Ban yafe ba. Kullum da asuba in na zo yin sujada na kasa, kai nake tunawa. Wataƙila wata rana, ban sani ba. Abu ɗaya nake so in ji. Me na yi maka?”

“Ba ka yi mini komai ba.”

“To me ya sa?”

“Ƙwallona ne,” in ji Mumuni. “Ni na ɗinka shi. Ni na kai shi filin nan ba kowa. Ni na ce ka tuɓe takalmi ka shigo.”

“Na sani. Na taɓa musu?”

“Ba ka taɓa ba. Amma ba wanda ya tambaye ka.”

Abdulganiyu ya karɓi sandarsa, ya gwada maɗaurin, ya tashi da ƙyar. “Asabar muna da wasa da 'yan Osu. Ka zo da wuri.”

Ya je da wuri, ya kuma ci gaba da zuwa har shekara biyu. Ba wanda ya ji labarin, ko Ƙaltume. Tana dai cewa ƙanenta ya rame, ya daina zama hira. Shi kuwa yanzu ya samu sabon abin jin zafi: mutumin da ya karya ya riƙe asirinsa ya ƙi tonawa, kuma ko a wannan ya fi shi.

A ƙarshen 1909 Abdulganiyu ya ce za a ɗauki hoton ƙungiya. Suka sa rigunan shuni suka tafi wurin wani mai hoto a Jemistawun. Mumuni ya kwana uku yana ɗinka sabon ƙwallo don ranar, ya shafe shi da man kaɗe har yana ƙyalli. Da suka isa, sai ga Abdulganiyu da wani kwali. Ya buɗe, ya fito da ƙwallo daga Ingila, wanda kantinsu ya yi masa oda, mai roba a ciki da igiyar ɗaurewa. 'Yan wasan suka yi caa a kansa, kowa yana so ya taɓa, suna shinshina shi. Jibirilu ya buga shi da ƙasa ya ce, “Kai! Yanzu muka ga ƙwallo.”

“Da shi manyan ƙungiyoyi ke wasa yanzu,” in ji Abdulganiyu. Bai dubi Mumuni ba. “Sun ce ba za su kara da mu da na gida ba.”

Mai hoto ya zaunar da Abdulganiyu a tsakiya, ƙwallon Ingila a cinyarsa, aka rubuta masa 1909 da alli. Ya ce dogaye su koma baya. Mumuni ya tsaya a ƙarshen layi, ya ajiye nasa a ƙasa, bayan dugadugansa.

Da layin jirgin ƙasa ya kai garin Nsawam, Mumuni ya tattara kayan aikinsa ya koma can, ya ce wa Ƙaltume manoman koko suna son takalma. Ya tara wasu samari ya ɗinka musu ƙwallo, amma damina ɗaya suka yi suka watse. Bai sake komawa filin Tudu ba. Ya yi aure, ya haihu, ya tsufa a bakin tasha. Duk fasinjan da ya sauko daga Ankara ya kawo gyaran takalmi, sai Mumuni ya bari ya kusa gamawa, sannan ya tambaya kamar abin bai dame shi ba, “Mutanen nan na zango, sun buga kwanan nan?” In aka ce an ci su, sai ya tambayi nawa, da wa ya tsaya a baya. In aka ce sun ci, sai ya ciji zare, ya miƙa takalmin, ya kira na gaba.